Gammo, Mesar Mai Guga

Mai Guga ba ya son mutane, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoyewa ba. In ka yi masa sallama zai amsa, amma ba zai ɗago kai daga kan tebur ba. In ka tambaye shi lafiyar gida, sai ya tambaye ka riga nawa ka kawo. Ba ya zama a majalisa, ba ya zuwa biki, gaisuwar mutuwa ma a tsaye yake yin ta ya juyo. Yakan ce tufa ta fi mai ita, don tufa in ka danna mata zafi takan miƙe, mutum kuwa ko ka shekara kana dannawa a yamutse zai tashi.

Matarsa ta jure iya jurewarta, sannan ta ɗauki 'yarsu ta tafi tun yarinyar tana koyon tafiya. Ba ya dukanta, ba ya barin ta da yunwa. Cewa ta yi ta gaji da zama da bango. Bai je ba ta haƙuri ba. Wadda ta rage masa a duniya ita ce yayarsa, wadda ke zaune a gidan ɗanta can ƙasan layi. Kullum da rana sai ta taho da kwanon abinci tana jan ƙafa, ta dire masa a bakin shago, ta zage shi, ta koma. Har furfura ta cinye masa kai, Auta take ce masa.

Shagonsa yana gaban wani gidan haya ne, ɗakin kwanansa kuma a bayan shagon, da ƙofa a tsakani. A cikin shagon akwai tebur mai faɗi da aka shimfiɗa wa bargo biyu da farin zane, da igiyar rataye kaya, da buhun gawayi a lungu, da kwalbar fesa ruwa mai hujajjen murfi. Dutsen gugarsa na gawayi ne, babba da ƙarami. Na lantarki, in ji shi, na malalata ne. Karin wandon da ya fito daga hannunsa sai ka ce da wuƙa aka ja shi, shi ya sa mutane ke haɗiye baƙar maganarsa su dawo. Bai taɓa ƙona wa kowa riga ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Zafin dutse da tafin hannu yake auna shi. Shekaru sun mai da hannun nan kamar ƙasan takalmi, har garwashi yakan ɗauka da yatsu ya jefa cikin dutse.

Wata safiya da damina, bai daɗe da zama gwauro ba, ya duƙa zai ɗauko dutse a ƙarƙashin tebur, inda yake ajiye shi ya huce, sai ya ga wani abu kwance a jikinsa. 'Yar mesa ce, irin ƙananan nan marasa dafi waɗanda ko sun girma ba sa wuce gaba guda. Ya ɗauko sanda. Da ta ji motsi, maimakon ta sara ko ta gudu, sai ta naɗe jikinta ta cusa kai a tsakiya, ta yi tsit. Ya daɗe tsaye da sanda a sama. Halitta ce da ba ta son a dame ta, ita ma ba ta damun kowa. Ya ajiye sandar. Saboda naɗewar nan ya sa mata suna Gammo.

Ya haɗa mata akwatin katako mai murfin raga, ya sa mata kwanon ruwa da fasasshiyar tukunya ta ɓuya. Abinci ne ya ba shi wuya. Ya riƙa karɓo matattun 'yan tsaki a gidan ƙyanƙyasar kaji, yana ajiye mata, tana ƙin kallonsu, har ta fara ramewa. Ran nan aiki ya sha masa kai, ya manta da tsako a gefen dutse, har tsakon ya ɗauki ɗumi. Da ya miƙa mata shi da awartakin gawayi, kafin ya ƙifta ido ta cafke. Tun daga ranar haka ake yi: a ɗumama tsako a jikin dutse, a miƙa da awartaki, a ɗan girgiza shi kamar mai rai. In ya tashi daga aiki kuma yakan ajiye dutsen a jikin akwatin, ta kwana da sauran zafinsa.

Kafin ya ajiye dutsen, yakan buɗe murfi ya zura hannu. Sai ta hau a hankali, ta naɗe masa wuyan hannu, ta ɗora kai a tafinsa. A nan duk maganar da ya hana mutane take fitowa. Yakan ba ta labarin wanda ya kawo riga da dattin wuya, da ciwon sugan da likita ya ce yana da shi, da 'yarsa da ya ji an ce ta yi aure a wani gari.

'Yan haya sun san da ita. Tela, wanda shagonsa ke jikin nasa, shi kaɗai ke da ƙarfin halin tsokanarsa.

"Angon Gammo, ya amarya? Har yanzu ba ta fara girki ba?"

"Ta fi taka," in ji Mai Guga. "Ba a jin muryarta daga titi."

Tsohon mai gidan yana da doka guda, wadda ya kafa tun da wani ɗan haya ya kawo biri ya addabi mata a tsakar gida: dabbar gida kaɗai za a ajiye. Kyanwa, kaza, zomo, tattabara, duk babu laifi. Game da Gammo kuwa, yakan karɓi rigunansa a goge ya ce shi idonsa ya yi rauni, bai ga komai ba. A haka aka yi shekara ashirin da wani abu.

Da tsohon ya rasu, gidan ya faɗa hannun 'yarsa, wadda 'yan haya suka laƙaba wa Magajiya. Ta tare a ɗakunan babanta da jikoki, ƙaraminsu yana rarrafe. Ba muguwa ba ce. Mace ce mai son ta san abin da ke cikin gidanta. Wata rana ta tarar da mai rarrafen a bakin kwata yana cusa wani abu a baki. Da ta zaro, sai ta ga saɓar maciji ce, wadda iska ta kwaso daga sharar Mai Guga. Ta zo shago riƙe da ita a bakin tsinke.

"Baba Mai Guga, wannan rigar ta wane ce? Ba a zo karɓa ba?"

Bai ɗago ba. "Ta Gammo ce. Ta tuɓe."

"A bakin jikana na ciro ta."

"Ba ta kisa."

"Baba, ka girme ni, ka yi wa babana guga tun ina 'yar makaranta. Ba na son mu yi sa-in-sa. Ka san dokar gidan nan."

"Na sani. Dabbar gida. Gammo ta fi jikokinki daɗewa a gidan nan, ko an haɗa shekarunsu. Ba ta taɓa cizon kowa ba. Kazar matar Direba da ke haya a ciki ta fi ta ɓarna, jiya ma ta yi mini kashi a kan zanen mutane."

"Kaza kaza ce. Maciji naman daji ne."

"Wane daji? Ta san hanyar daji?"

Magajiya ta yar da tsinken. "To, ka kawo mini wanda ya sani ya ce dabbar gida ce. In ba haka ba, ko ta fita, ko ku fita tare."

Ya ci gaba da guga har ta tafi. Sai da ya ga ya goge hannun riga ɗaya sau uku sannan ya ajiye dutsen ya zauna.

Rana zafi, inuwa ƙuna. Duk wanda ke kawo masa guga, ƙofar nan ya sani. In ya tashi, babu mai bin sa, don bai shuka abin da zai sa a bi shi ba. Duk da haka ya rufe shago ya shiga gari neman ɗaki, abin da bai taɓa yi ba. Ya gaishe da masu gidaje, har da rusunawa, bakinsa na yi masa nauyi. Amma da an kusa daidaitawa sai ya ce yana da mesa, don bai ga amfanin a sake wani tashin ba. Wani ya yi dariya, wani ya nemi tsari, wata ta sa aka watsa ruwa inda ya tsaya.

Ya je gidan namun daji. Ma'aikacin da ke ƙofa ya ce irinta sun yi musu yawa, manoma ke kawo su a buhu, abin ciyar da na ciki ma da ƙyar. A hanyar dawowa wani mai sayen fata da ya ji labari ya tare shi, ya tambayi tsawonta da kaurinta, yana auna iska da hannu, ya ce za ta yi ɗamara biyu masu kyau. Mai Guga ya dube shi har sai da mutumin ya matsa.

Daga nan ya sa Gammo a jakar matashin kai, ya nufi asibitin dabbobi. Ya zauna a benci tsakanin mai akuya da mai kare, kowa na tambayarsa abin da ke cikin jaka, yana cewa wanki ne. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ba ta ji tsoro ba. Ta ɗaga Gammo da hannu biyu, ta duba baki, ta shafa ciki.

"Baba, ka iya kiwo. Lafiyarta ƙalau, ƙiba ma ta ɗan yi mata yawa. Me ke damunta?"

"Ba abin da ke damunta. So nake ki zo ki gaya wa mai gidanmu cewa dabbar gida ce."

Ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, ba zan iya faɗin haka ba. Ba zama a ɗaki ke mai da dabba ta gida ba. Ka ga akuyar can? Kakannin kakanninta mutane suka kiwata, suna zaɓen masu sauƙin kai suna haɗa su, har halittarsu ta sauya. Haka kare, haka kaza. An haife su da neman mutum. Ita kuwa wannan, uwarta a rami ta saka ƙwanta. Yadda aka halicci kakarta haka take, ba abin da ya ragu."

"Tana hawa hannuna."

"Sabo ne. Ta gane ƙanshinka, ta gane ba za ka cuce ta ba. Kuma hannunka da ɗumi, ga shi ina ji daga nan. Su jikinsu ba ya yin zafin kansa, sai sun nema. Irin waɗannan har ganin ɗumi suke yi, da 'yan ramukan nan na leɓenta."

"Sunanta fa? In na kira ta takan motsa."

"Motsin ƙafarka take ji a ƙasa."

Ya dubi Gammo a hannun likita. Kare na ta haushi a waje.

"To in kai ta daji ke nan, tun da ta can ce."

Likita ta girgiza kai. "Ta taɓa kama ɓera da kanta? Ta saba a ɗumama a miƙo mata. Ga nauyin jiki, ga shi ba ta gudun mutum. Manomin farko da ya gan ta, fartanya zai sa mata."

"Wato ba ta gida ba ce, ba ta daji ba ce."

"Taka ce, Baba. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan."

Ya mayar da ita jaka. A hanya duk bayanin likita ya zube daga kansa, sai kalma ɗaya ta maƙale: ɗumi.

Ya tarar da Magajiya tana shanya. Ya ce mata likita ta ce Gammo ta san shi. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi sauran ba.

"Ta ce dabbar gida ce?"

"Ta ce ta san ni."

Magajiya ta matse zane, ta dube shi. Ta ga yadda wuyansa ya zurma cikin 'yan kwanakin nan, rigarsa kuma, karo na farko a saninta, ba guga.

"Shi ke nan. Kyanwata in na kira ta daga ɗaki takan taho. Dabbar gida ta san kiran mai ita. Gobe da safe ka ajiye ta a tsakar gida, ka koma bakin ƙofarka ka kira ta, kowa na gani. In ta zo wurinka, ta zauna, amma da kwaɗo a akwatin. In ba ta zo ba, ka san sauran."

"Na yarda," in ji shi, tun ba ta rufe baki ba.

Ranar bai ajiye dutse a jikin akwatin ba. Ya bar Gammo ta kwana cikin sanyi, don ta wayi gari da yunwar ɗumi. Da safe ya zuba garwashi a ƙaramin dutse, ya bar shi ya ɗan lafa, ya naɗe shi da tawul. Yana cikin haka Yaya ta iso, ba kwano a hannunta, don Tela ya kai mata labari. Ta tsaya a bakin ƙofa. Tun da Gammo ta shiga ɗakin nan ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar ba.

"Me kake ƙullawa, Auta?"

Ya gaya mata. Zai zauna a kan 'yar kujera, bargo a cinya kamar mai jin sanyin safiya, dutsen a ƙarƙashi. Gammo za ta hango ɗumi ta taho.

"Da tsufanka za ka fara maguɗi. A kan igiya mai numfashi."

"In ba za ki taimaka ba, koma gida."

"Miƙo in taɓa in ji zafinsa."

"Ni za ki koya wa zafin dutse?" Ya ɗora tafinsa a kan tawul ɗin, ya bar shi a nan. "Ɗumi ne kawai. Kamar jikin mutum."

"Wannan hannun naka ko a wuta aka sa shi zai ce ɗumi ne. Miƙo."

"Yaya, matsa mini."

Ta matsa.

Tsakar gida ta cika. Matan haya sun tsaya a bakin ɗakunansu, kowace ta riƙe yaranta. Matar Direba ta kulle kajinta. Magajiya na zaune a kujera, mai rarrafen a goye. Tela ya jingina da tankin ruwa yana cewa a ba shi wuri, shi ne abokin ango. Mai Guga ya fara kai kujerarsa da bargon bakin ƙofa, dutsen a ɓoye a ciki. Sannan ya ɗauko Gammo, ya ajiye ta a tsakiyar siminti, ya koma ya zauna. Ya ja bargo, ya matse dutsen tsakanin cinyoyinsa.

"Gammo," ya ce. "Taho."

Tana nan a naɗe, kanta a ciki. Bai yi tunanin cewa sanyin da ya bar ta a ciki zai kashe mata jiki ba.

"Gammo. Ni ne. Taho mana."

Ba wanda ya taɓa jin wannan muryar a bakinsa. Matar Direba ta dubi maƙwabciyarta. Yaya ta kau da kai.

"Amarya na jan aji," in ji Tela, amma a hankali ya faɗa.

Ya yi ta kira. Rana ta fara leƙowa ta kan katanga. Can sai naɗin ya sassauta, kai ya fito, harshe ya fara lasar iska. Ta juya hagu, ta juya dama, sannan ta miƙe ta fuskanci ƙofarsa. Wata mata ta ja da baya har ta taka bokiti.

A lokacin ne ya fara jin abin. Ciwon suga ya daɗe da kashe masa fatar ƙafa, sai zafi ya yi nisa yake sani. Ya ji shi can ciki, kamar ana tura ƙusa a cinyarsa ta dama. Ya gane tawul ya zame. Amma ga Gammo tana tahowa, a hankali, tana jan ƙibarta a kan siminti. In ya motsa za ta tsorata ta naɗe, in ya gyara dutsen kowa zai gani. Ya dafe gwiwoyinsa, gumi na bin gemunsa.

"Yauwa, 'yar albarka. Kaɗan ya rage."

Ta iso har inda in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Ta ɗaga kai wajen bargon, ta lashi iska. Sai ta janye wuya da sauri, kamar yadda mutum ke janye yatsa daga murfin tukunya. Abin da ke ƙarƙashin bargon nan ba ɗumin jiki ba ne, wuta ce, kuma ta fi shi sani. Ta karkata, ta bi gindin bango, ta wuce ta gaban ƙafafun Tela, wanda ya daka tsalle ya hau dakali, ta shige ƙarƙashin tankin ruwa.

"Gammo," ya ce. Ko wutsiyarta ba a gani.

Tela ne ya fara shinshina. Mai sana'ar tufa ba ya kasa gane ƙaurin tsumma. "Wani abu na ƙonewa."

Hayaƙi siriri na fita ta gefen bargon. Yaya ta taho da saurin da ba a san tana da shi ba, ta fizge bargon. Dutse ya faɗi, murfi ya buɗe, garwashi ya watse a siminti. Wandon ya cinye, tawul ya yi baƙi, kuma a cinyarsa ga hoton dutsen guga nan ɓaro-ɓaro, har da tsininsa.

Ba wanda ya yi dariya. Magajiya ta ce a kawo ruwan sanyi, ta kwance goyo ta miƙa wa wata, ta durƙusa da kanta tana zuba masa. Bai dube ta ba. Ya ture hannunta, ya sauka daga kujera, ya ja jiki da gwiwa ɗaya har gindin tanki, ya kwanta a jiƙaƙƙen siminti ya zura hannu. Aka jima. Da ya zaro hannun, Gammo na naɗe a wuyansa, kanta a tafinsa, kamar kullum.

"To ga shi ta zo," in ji Tela daga kan dakali. "Ranki ya daɗe, ai ta zo."

"Shi ya je," in ji Magajiya.

Ba ta kore shi a ranar ba. Ta ce ya zauna har ƙunar ta warke, akwatin kuma a sa masa kwaɗo. Ƙunar ba ta warke ba. Mai suga ba ya wasa da ciwo, shi kuwa ya ɗaure ta da tsumma ya koma tsayuwa a bakin tebur, don guga ba a yin ta a zaune. Ta zama gyambo, ta fara wari, har masu kawo kaya suka riƙa tsayawa daga waje. Ran da ya faɗi a kan buhun gawayi, Tela da Direba suka ɗauke shi zuwa asibiti, yana zaginsu har cikin mota.

Bai koma shagon ba. An yanke ƙafar, shi ma bai daɗe a duniya bayanta ba. Wani mai gyaran waya ne a shagon yanzu. Akwatin kuwa yana bayan ɗakin girkin Yaya, bayan rigimar da ta sha da ɗanta da surukarta. Kullum sai ta tsaya daga nesa ta zagi abin da ke ciki, sannan ta je hura gawayi.

Amma ba ta ce to ba a ranar da ya roƙi a ɗauki Gammo. Ranar, ana gobe za a shiga da shi ɗakin tiyata, su uku suka zo duba shi: Yaya, da Tela, da Magajiya riƙe da ledar lemo. Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, fanka ɗaya na juyawa. An ɗora wani ƙarfe a kan ƙafarsa don kada zane ya taɓa ta. Zanen gadon a yamutse yake, yana ta shafa shi da tafin hannu, ya ƙi miƙewa.

Ya tambayi Magajiya ko akwatin na nan. Ta ce yana nan, Tela na zuba ruwa ta raga da buta. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya a gadon asibiti ba: ta sami mai son shagon, kuma akwatin ba zai wuce ƙarshen wata a gidanta ba.

"Na ji," ya ce. "Gidanki ne."

Ya dubi silin. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko ashana ba, yau shi ne zai yi roƙo.

"Tela, na sha gaya maka baƙar magana."

"Ai ni ma ban bar ka ba."

"Yaya."

"Ina jin ka, Auta. Kada ka fara."

"Wani a cikinku ya ɗauke ta. Ba zan ce muku dabbar gida ce ba, likita ta gaya mini, kun kuma gani da idonku. Ba za ta san ku ba. Ba za ta gode muku ba, ni ma ba ta gode mini ba. Amma ni na hana ta koyon daji, ba ita ta roƙe ni ba. Kada ku kai ta can, kada ku ba mai fata. Ba ta da wahala. Ruwa a kwano, tsako in ta fara yawo a akwati. Ku ɗumama shi a jikin dutse, ba ta cin mai sanyi, ku miƙa da awartaki ku ɗan girgiza. Da yamma ku ajiye mata dutsen a jikin katako, ta waje. Ƙaramin, ba babban ba." Ya ɗaga hannunsa ya dubi tafin, ya mayar kan zane. "Kuma kafin a ajiye, a ba Yaya ta taɓa ta ji."